Rigakafin HPV da Sankarar Bakin Mahaifa a Ƙasar Hausa: Aikin da Ya Rage Bayan Gangami

Tsakure

Wannan takarda ta yi nazari a kan ƙwayar cutar HPV, wadda ita ce tushen kusan duk sankarar bakin mahaifa, da kuma allurar rigakafinta da Nijeriya ta shigar cikin jerin alluran yau da kullum a watan Oktoba na 2023. An bayyana yadda ƙwayar ke shiga jiki har ta rikiɗe ta zama sankara, an kawo hujjojin ingancin allurar daga ƙasashen da suka riga mu farawa, sannan aka tsaya a kan halin da ake ciki a ƙasar Hausa. Matsayar takardar ita ce ingancin allurar ya riga ya tabbata. Abin da ya rage shi ne a riƙa kaiwa ga kowace 'yar shekara 9 a kowace shekara, musamman wadda ba ta makarantar boko, kuma a gaya wa mahaifinta gaskiyar lamarin ba tare da kewaye-kewaye ba.

1.0 Gabatarwa



Ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa a shekarar 2022 mata kimanin 660,000 ne suka kamu da sankarar bakin mahaifa a faɗin duniya, kimanin 350,000 kuma suka rasu. Kashi 94 cikin 100 na waɗanda suka rasun suna ƙasashe ne masu ƙaramin ƙarfi da masu matsakaicinsa. A Nijeriya, ƙiyasin 2020 ya ba da sababbin masu cutar kimanin 12,000 da mace-mace kimanin 8,000, wato mata wajen 22 a kowace rana. In aka cire sankarar mama, babu sankarar da ta fi ta addabar matan ƙasar nan.

Abin da ya sa wannan adadi yake da zafi shi ne an san sanadin cutar, an san hanyar toshe shi, kuma tsakanin shigar ƙwayar da bayyanar sankara akwai tazarar shekaru masu yawa da za a iya cin ƙarfinta a ciki. Sankarori kaɗan ne suke ba mutum irin wannan dama.

2.0 Ƙwayar Cutar da Yadda Take Aiki

Tun a 1842 wani likita a birnin Berona na Italiya, Rigoni-Stern, ya lura cewa sankarar mahaifa ba ta cika kama matan coci da ba sa aure ba, alhali ta yawaita a tsakanin matan aure da waɗanda mazansu suka mutu. An daɗe ana zargin cewa akwai abin da ake ɗauka wurin saduwa, amma sai a 1983 da 1984 ne Bajamushe Harald zur Hausen da abokan aikinsa suka ware nau'i na 16 da na 18 na HPV daga tsokar masu cutar. Wannan aiki ne ya ba shi lambar yabo ta Nobel a 2008.

HPV dangi ne babba, nau'o'insa sun haura 200. Mafi yawansu ba su da wata illa ta a zo a gani. Nau'i na 6 da na 11 su ne ke kawo kashi 90 cikin 100 na tsiron da ke fitowa a al'aura, wanda yake da ban haushi amma ba ya kisa. Masu haɗarin sun ɗan haura goma, kuma a cikinsu na 16 da na 18 kaɗai su ke da alhakin kimanin kashi 70 cikin 100 na sankarar bakin mahaifa. Ana ɗaukar ƙwayar ne ta haɗuwar fata da fata a lokacin saduwa, shi ya sa kororon roba yake rage haɗari amma ba ya kawar da shi. Yaɗuwarta ta kai matsayin da mafi yawan mutanen da suka taɓa saduwa, maza da mata, sukan gamu da ita ko sau ɗaya ne a rayuwa, ba tare da sun ji ko da ciwon kai ba. A cikin goma, wajen tara garkuwar jikinsu takan share ta cikin shekara biyu.

Matsalar tana ga wadda ƙwayar ta zauna mata. A bakin mahaifa akwai wani ɗan yanki inda fatar ciki da ta waje suke haɗuwa, kuma ƙwayoyin halittar wurin kullum cikin sauyawa suke. Nan HPV ke samun mafaka. In ta daɗe, sai ta riƙa fitar da sinadarai biyu da masana ke kira E6 da E7, waɗanda ke kashe ƙarfin masu tsaron ƙwayar halitta, wato p53 da pRb, waɗanda aikinsu shi ne tsayar da ƙwayar da ta lalace kada ta ci gaba da hayayyafa. Daga nan sai gurɓatattun ƙwayoyi su fara taruwa a hankali. A mace mai cikakkiyar garkuwa, tafiyar takan ɗauki shekara 15 zuwa 20 kafin ta zama sankara. A wadda garkuwarta ta raunana, kamar mai ɗauke da HIV da ba ta shan magani, shekara 5 zuwa 10 sun isa. Shi ya sa haɗarin masu HIV ya ninka na sauran mata sau shida. Fara saduwa da ƙuruciya, da yawan haihuwa, da shan taba, duk suna ƙara wa ƙwayar damar zama. A jikin yarinya mai tasowa, wancan yanki mai rauni ya fi fitowa fili fiye da yadda yake a jikin babbar mace, kuma wannan batu ne da ya shafe mu kai tsaye.

3.0 Allurar da Hujjojinta

A 1991, a Jami'ar Queensland ta Ostareliya, Ian Frazer da Jian Zhou suka nuna cewa za a iya haɗa ɓawon ƙwayar HPV shi kaɗai, ba tare da abin da ke cikinsa ba. Jiki yana ganin ɓawon sai ya ɗauka ƙwayar ce, ya tanadi sojojin yaƙarta, alhali babu abin da zai iya hayayyafa ko ya sa cuta. A kan wannan tushe aka gina Gardasil, wadda Amurka ta amince da ita a 2006, da Cervarix da ta biyo baya a 2007. Ostareliya ta fara yi wa 'yan matanta a 2007. A Afirka, Ruwanda ce ta fara a 2011, kuma ta kai ga sama da kashi 90 cikin 100 na 'yan matan da ta nufa.

Tun da sankarar tana ɗaukar shekaru kafin ta bayyana, dole aka jira kafin a ga sakamako na ƙarshe, kuma yanzu an gan shi. Binciken da aka buga a 2020 a kan mata kusan miliyan 1.7 a Suwidin ya nuna cewa waɗanda aka yi wa allurar kafin su kai shekara 17 haɗarinsu ya ragu da kashi 88 cikin 100. Na Ingila da ya fito a 2021 ya sami raguwar kashi 87 cikin 100 ga waɗanda aka yi wa suna da shekara 12 zuwa 13, amma raguwar ta yi ƙasa sosai ga waɗanda aka yi wa bayan sun girma. Dalilin a fili yake: allurar tana hana kamuwa ne, ba ta warkar da wadda ta riga ta kamu. Saboda haka ake neman yarinya tun tana ƙarama, lokacin da garkuwarta ta fi amsawa kuma ba ta gamu da ƙwayar ba.

Da farko allura uku ake yi, daga baya aka koma biyu. Wani gwaji da aka yi a Kenya ya nuna allura ɗaya tak tana ba da kariyar kashi 97.5 cikin 100 daga zaman nau'i na 16 da na 18, kuma a Disambar 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da tsarin allura ɗaya ga 'yan mata masu lafiyar garkuwa. Duk wanda ya taɓa bin gida-gida yana neman yaron da bai dawo allura ta biyu ba ya san girman wannan sauƙi.

Illolin da aka sani su ne zafi ko kumburi a damtse, da ɗan zazzaɓi, wani lokaci kuma jiri ko suma saboda tsoron allura, wanda ya sa ake zaunar da yarinya minti 15 kafin ta tashi. Kwamitin Hukumar Lafiya ta Duniya mai sa ido kan lafiyar alluran rigakafi ya sha duba rahotanni bayan an raba ɗaruruwan miliyoyin allurai, ya kuma duba zargin hana haihuwa musamman, bai sami alaƙa ba.

4.0 Gangamin Nijeriya

Ranar 24 ga Oktoba, 2023, Nijeriya ta ƙaddamar da allurar a ƙarƙashin Hukumar Kula da Lafiya a Matakin Farko ta Ƙasa, da tallafin Gavi da UNICEF da Hukumar Lafiya ta Duniya, a zamanin ministan lafiya Farfesa Muhammad Ali Pate. Zagayen farko ya haɗa da jihohi 15 da Abuja, ciki har da Kano da Jigawa da Bauchi da Kebbi. Sauran jihohi 21 suka shiga a watan Mayun 2024. An yi amfani da Gardasil mai kariya daga nau'i huɗu, allura ɗaya, kyauta, ga 'yan shekara 9 zuwa 14, kuma alƙaluman hukuma sun nuna an yi wa 'yan mata fiye da miliyan 12 a zagayen biyu. Wannan ba ƙaramin aiki ba ne, kuma ma'aikatan da suka yi ta yawo da akwatin sanyi a rataye a kafaɗa, suna kiyaye kwalaben tsakanin ma'aunin sanyi 2 zuwa 8 a cikin zafin Mayu, sun cancanci yabo.

Sai dai gangami na 'yan kwanaki ne. Yana zuwa da kuɗin alawus da sanarwa a rediyo da sankira a unguwa, yana wucewa kuma komai ya lafa. Tsarin da aka koma yanzu shi ne kowace yarinya ta karɓa in ta cika shekara 9. To, a nan gizo ke saƙar. Tsarinmu na rigakafi an gina shi ne a kan jarirai: uwa ta goyo ɗanta ta kai shi asibitin sha-ka-tafi, a duba kati, a ɗiga, a yi allura. 'Yar shekara 9 ba ta cikin wannan layi. Lafiyarta ƙalau, tana aike, tana raino, babu abin da zai kai ta asibiti.

5.0 Tambayar Uba

A mafi yawan gidajenmu, uwa ba ta miƙa hannun 'yarta sai da izinin maigida. Shi kuwa maigida yana da tambayoyi, kuma ina ganin kuskure ne babba a ɗauke su a matsayin jahilci.

Mutanen Kano ba su manta da 1996 ba, lokacin annobar sanƙarau, da kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara kimanin 200, aka ba rabi shi, aka ba rabi wani maganin. Yara 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Kamfanin ya tsaya a kan cewa sanƙarau ne ya yi ɓarnar, iyaye kuma suka ce ba a nemi izininsu yadda ya kamata ba, har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009 a kan dala miliyan 75. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Shekara bakwai bayan Trovan, a 2003, aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano bisa zargin an sa masa maganin hana haihuwa, ba a dawo ba sai Yulin 2004, bayan gwaje-gwaje da kuma samo maganin daga Indunusiya. Sakamakon haka cutar ta bazu zuwa ƙasashe kimanin 20, kuma yaranmu ne suka fi kowa shan wahala. Abin da ya juya al'amarin daga baya shi ne shigowar sarakuna da malamai, musamman kwamitin sarakunan Arewa da aka kafa a 2009 ƙarƙashin jagorancin Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar, har aka kai ga shelar 25 ga Agusta, 2020 cewa Afirka ta rabu da shan inna na asali.

Irin wannan firgici ba mu kaɗai ya taɓa samu ba. A Yunin 2013 gwamnatin Japan ta janye kiran da take yi na a karɓi allurar HPV saboda rahotannin da kafafen labarai suka yayata, karɓuwarta ta faɗo daga wajen kashi 70 zuwa ƙasa da kashi 1 cikin 100. Bincike bai tabbatar da zargin ba, aka dawo da kiran a Afrilun 2022, amma 'yan matan da suka taso cikin waɗannan shekaru kusan tara sun riga sun wuce ba kariya.

Tambayar farko da uba kan yi ita ce: me ya sa mata kaɗai, kuma me ya sa kyauta, alhali maganin zazzaɓi sai na saya? Amsar gaskiya ita ce allurar ba ta wadata a duniya ba, kuma mata ne suka fi mutuwa, shi ya sa aka fara da su. Ƙasashen da suke da hali suna yi wa 'ya'yansu maza ma, Ostareliya tun 2013, Birtaniya tun 2019, domin HPV na kawo sankarar maƙogwaro da ta dubura da ta mazakuta. A cikin Musulmi ma, Abu Dhabi ta fara yi wa 'yan matanta tun 2008, Malesiya tun 2010. Ba kyauta take a asali ba, akwai masu biya. Game da haihuwa kuwa, abin da ke raba mace da ita shi ne sankarar kanta, domin maganinta yakan kai ga cire mahaifa ko gasa ta da na'ura.

Tambaya ta biyu ta fi nauyi, kuma ita ce muke gudu. Uba yakan ce: tun da ta hanyar saduwa ake ɗauka, 'yata ba 'yar iska ba ce, me za ta yi da ita? Wasu ma'aikata, don gudun wannan, sukan ce allurar sankara ce kawai, su yi shiru a kan sauran. Ban goyi bayan haka ba. Ranar da uban ya ji sauran bayanin a WhatsApp daga bakin wanda ba ya son allurar, zai ce an yaudare shi, kuma ba zai sake yarda ba. Gara a zauna da shi a zaure a ce: Malam, ba zargin 'yarka ake yi ba. Yarinya tana iya zuwa gidan miji da budurcinta, ba ta taɓa sanin kowa ba, ta sami ƙwayar a ɗakin aurenta. Mijin ma ba lallai ne ya yi ɓarna ba. Wataƙila ya ɗauka daga matarsa ta fari, ita kuma daga mijinta na baya, kuma babu wanda ya san yana ɗauke da ita a cikinsu. A al'ummar da ake auren mace fiye da ɗaya, ake rabuwa a sake aure, ƙwayar tana iya zagayawa ta hanyar halal tsantsa. Idda ma ba ta isa ta share ta ba, tun da takan yi shekara biyu a jiki. Uban da aka yi wa wannan bayani ya san ana maganar kare 'yarsa ne daga abin da tarbiyya kaɗai ba ta iya tare mata.

6.0 Yarinyar da Ba Ta Aji

Ruwanda da Ingila sun yi nasara ne ta makarantu. Mu kuwa, alƙaluman UNICEF sun nuna cewa a Arewa maso Yamma da Arewa maso Gabas fiye da rabin 'yan mata masu shekarun firamare ba sa zuwa makarantar boko. Binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa na 2018 kuma ya nuna matsakaicin shekarun auren fari ga matan Arewa maso Yamma bai kai 17 ba. In aka haɗa biyun, za a ga cewa yarinyar da ta fi kusa da aure, wadda za ta fara haihuwa da wuri ta kuma haihu da yawa, wadda in ta kamu ba ta da kuɗin zuwa Zariya ko Sakkwato ko Abuja inda ake da na'urar gashi, ita ce dai wadda rajistar makaranta ba ta san da ita ba.

Amma ba ɓata ta yi ba. Da yamma tana Islamiyya ko makarantar allo, ranar kasuwa tana bakin tasha da farantin talla a ka, mai unguwa ya san gidansu, ungozomar da ta yanke mata cibiya ta san shekarar da aka haife ta ko da babu takardar haihuwa. Abin da nake ba da shawara shi ne kowace cibiyar lafiya ta mazaɓa ta riƙe jerin 'yan shekara 9 na yankinta tare da malaman Islamiyya da masu unguwanni, a kuma sa rana tsayayya a kowane zango da ma'aikaciya mace za ta je inda suke. Wannan yana buƙatar kuɗin mota da na ƙanƙara a cikin kasafin jiha da na ƙaramar hukuma, ba jiran masu tallafi ba. Ga rugage da garuruwan da rashin tsaro ya raba da asibiti, sai an haɗa allurar da duk wata tawagar lafiya da ta samu shiga.

7.0 Iyayensu Mata

Allurar da aka yi a 2023 ba za ta rage mace-mace ba sai nan da shekara 15 ko 20. Matan da za su rasu kafin nan suna cikin gidajenmu yanzu. Shi ya sa manufar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar ranar 17 ga Nuwamba, 2020 take da ƙafa uku zuwa 2030: a yi wa kashi 90 na 'yan mata allura kafin shekara 15, a gwada kashi 70 na mata a shekara 35 a sake a 45, a kuma yi wa kashi 90 na waɗanda aka samu da cutar magani.

Gwajin ba shi da wuya. Ma'aikaciyar da aka horar tana shafa ruwan khal mai sauƙi a bakin mahaifa, ta jira minti ɗaya, in wuri ya yi fari ta san akwai gurɓatattun ƙwayoyi, kuma ana iya ƙona su nan take da ƙaramar na'ura mai batir. Akwai kuma gwajin ƙwayar HPV kanta, wanda mace ke iya ɗaukar samfurin da hannunta a keɓe, abin da ya dace da kunyar matanmu. An so a fara daga shekara 30, masu HIV kuma daga 25.

Abin da ake gani a asibitocinmu shi ne zuwa a makare. Mace ta ga jini bayan saduwa, ko tsakanin haila da haila, ko bayan ta daina haila, sai ta ce sanyi ne, a sayo mata ƙwayoyi a kemis. In ya ƙi, a ce jifa ne, a koma jiƙe-jiƙe. Sai ruwa mai wari ya fara zuba, ta riƙa ninka tsumma, ta daina shiga mutane, ta ƙaurace wa biki da suna, sannan a kwaso ta. Da yawa daga cikin matan nan, mutum na farko da suke kai wa maganar jinin shi ne malami ko malama, domin su san hukuncin sallarsu da azuminsu. Malamanmu sun ƙware wajen bambance haila da jinin ciwo.

Saboda haka nake roƙon malaman da takardar nan za ta isa gare su: duk matar da ta zo tambayar hukuncin jinin da ya ƙi tsayawa, bayan kun ba ta fatawa, ku ce mata ta je a duba bakin mahaifarta cikin makon nan, ku kuma gaya wa mijinta ya ba ta izini da kuɗin mota. Ku kuma tambaye shi ko 'yarsa 'yar shekara 9 ta karɓi allurarta.